Karan da Na Auna Baba da Shi

Har furfura ta fara leƙowa a gemuna ban taɓa riƙe zarto ba. Noma na sani, sai ɗan teburin cajin waya da na kafa a bakin kasuwar Isa bayan mun baro ƙauyenmu. Ƙauyen yana can wajen Burkusuma, kusa da iyaka, kuma mun baro shi ne yadda kowa ya baro nasa a shekarun nan. 'Yan bindiga sun hana noma, sun hana barci, wata safiya muka ɗaura abin da babur zai iya ɗauka muka taho. Wani ɗan'uwa ya ba mu aron gida a bayan gari, 'yan ɗakuna da zaure, da bishiyar dogonyaro a ƙofa.

Ba mu daɗe a Isa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Baba. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin magana, baki ya ɗan karkace. Mutum ne da ya yi rayuwarsa duka a ƙofar gida. A ƙauye, in ya dawo daga gona, a waje yake shimfiɗa tabarma, a nan ake kawo masa fura, a nan yake sasanta masu rigimar iyakar gona, a nan yake tsokanar duk wanda ya gitta. Ko da ciwon ya zo bai daina fita ba. Tabarmar ce dai ta gagare shi, don in ya zauna a ƙasa sai an ciccibe shi kafin ya tashi, shi kuwa ya tsani a ciccibe shi a gaban mutane. Sai na samo masa kujerar roba.

Kujerar nan ce ta ci amanarmu. Wata ranar kasuwa da yamma, mutanen ƙauyenmu sun taru suna gaishe shi, ya karkata zai miƙa wa wani hannu, ƙafar kujerar ta baje. Ya tafi ta ɓarin da ba ya iya tarewa, hula ta yi nata wuri, riga ta yaye. Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya rama da baƙar magana an wuce wurin. Kowa ya yi tsit, sai sannu da ake ta jera masa cikin ƙaramar murya, irin wadda ake yi wa jariri. Muka kai shi ɗaki, kuma daga ranar bai sake yarda ya fito ba.

Ni ne ɗan fari, kuma a wajenmu ɗan fari ba abokin hira ba ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna kuwa ko haɗa ido da ni ba ta cika yi ba. In suna son in yi wani abu, ƙannena suke gaya wa, su kuma su gaya mini. To ƙannen duk gudun nan ya watsa su, wannan yana Sakkwato, wancan ya tsallaka Nijar, matan suna gidajen aure. Matata kuwa suruka ce, ta fi ni jin kunyarsu. Sai ya zama muna gida ɗaya, muna cin tuwon tukunya ɗaya, amma babu mai ɗaukar magana daga wannan ɗaki ya kai wancan. In Baba yana da abin faɗa mini, bango yake gaya wa ina tsaye.

Da na ga yana ramewa, na lallaɓa aka sa shi a bas muka tafi asibiti a Sakkwato. Likita ya duba shi, ya matsa nan ya matsa can, sannan ya yafito ni muka fita baranda. Ya ce ciwon bai ƙaru ba, kwanciyar ce za ta cinye shi. Ya ce a riƙa fitar da shi kullum, ya sha iska, ya ga mutane, ya yi magana, ya motsa jiki, in ba haka ba bayansa zai yi gyambo, zuciyarsa kuma ta riga jikin mutuwa. Muka ɗan jima a tsaye ina ta tambayoyi. Da na koma, Baba ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Bai tambaya ba, ni ma ban ga ta inda zan fara ba. Har muka iso Isa, ana ta raba ido a hanya duk inda daji ya matso bakin titi.

A cikin motar na yanke shawara zan yi masa abin zama da ba zai ƙara kunyata shi ba. Kafintan unguwarmu ya riga ya kwashe iyalinsa ya bar gari, sauran kuwa aikin ƙyamare da rufin kwano na masu gudun hijira ya sha kansu, ba wanda zai saurare ni. Na ce to ni zan yi. Benci nake so, amma ba irin na makaranta ba. Mai faɗi, mai tsawon da zai miƙe ƙafa a kai kamar yana kan tabarma, ko ya kishingiɗa in ya gaji. Tsayinsa ya tsaya a gwiwa, yadda za a zamo da shi daga gado ba sai an ciccibe shi ba. Kuma na ƙudurta ba zan gaya wa kowa ba sai na gama, don na san Baba. In ya ji tun abin yana katako zai ce ba ya so, in kuma na kasa, gara in kasa ni kaɗai.

Abu na farko awo ne, ni kuwa ba ni da tef. Bayan azahar, lokacin da gida ke yin shiru, na zaro dogon karan dawa daga danga, na shiga ɗakinsa da sanɗa. Yana kwance a miƙe, fuskarsa tana kallon sama, ido a rufe. Na ajiye karan a gefensa daga tsakar ka zuwa diddige, na sa babban yatsa a inda ya tsaya, na fito waje na karya shi daidai nan. Ko yaro a ƙasarmu ya san wanda ake aunawa da kara. In mutum ya cika, kara ake ɗauka a auna tsawonsa, a karya, a miƙa wa masu haƙa kabari. Ni da kaina na taɓa kai karan kakana maƙabarta. Amma ranar nan, wallahi, babu komai a kaina sai katako, kuma na ɗauka barci yake yi.

Washegari mai amalanke ya sauke mini katako a bayan ɗakuna, na aro zarto da guduma a maƙwabta, na sayo ƙusoshi. Na kalli wani a waya yana haɗa benci da injina, kafin ka ce kwabo ya gama har ya zauna a kai yana murmushi. Na so a ce an ba shi zarton da aka ara mini. Haƙoransa sun cinye, in na ja layi da gawayi sai ya kama hanyarsa daban, in na matsa masa ya lanƙwashe ya yi ƙugi. Katakon farko na yanka shi a karkace, na ce bari in daidaita, na ƙara karkata shi, har ya gajarce ya tashi daga aiki. Ƙusa kuwa in na buga ta kusa da baki sai katakon ya tsage har tsakiya. Sai da na ɓata da yawa kafin na lura in na dakushe tsinin ƙusar da guduma tukuna ba ta tsaga shi. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin tun a ranar farko.

Wurin da nake aikin yana daidai bayan tagar Baba, don nan ne kaɗai inuwa take da yamma. Kullum in na rufe tebur a kasuwa sai in dawo in tsuguna, zarto yana kuka, guduma tana amsawa. A kife nake haɗa shi, ƙafafu a sama, don haka ya fi mini sauƙin buga ƙusa. Da na kafa ƙafafun na girgiza shi, sai ya yi ta rawa yana komawa gefe. Kujerar roba ta dawo mini a rai. Na cire, na sake, na gicciya masa wasu katakai a tsakanin ƙafafun, na yi ta narka ƙusa har inda ba a buƙata. Sannan na ƙara masa ɗan dogari na katako a kowane gefe, gajere, don kada mai shanyayyen ɓari ya mirgino.

A kwanakin ne Baba ya fara barin abinci. Da farko tuwon dare yake mayarwa, daga baya kunun safe ma ya koma yadda aka kai shi. Furar da ba ya wasa da ita sai ta kwana a kwano ta yi tsami. Ya sa Inna ta ciro babbar rigarsa ta Juma'a ta kai wa limamin unguwa. Ya bayar da kalmensa, fartanyar da ya taho da ita daga ƙauye, wadda a da ko taɓa ta ba a yi. Duk wanda ya leƙo gaishe shi sai ya riƙe masa hannu ya ce a yafe masa. Ni da na ga haka sai tsoro ya kama ni sosai, na ce maganar likita ce ke tabbata, kwanciya tana cinye shi. Sai na ƙara sauri. Na daina zuwa kasuwa da wuri, na koma bugawa safe da yamma, yana jin kowace guduma ta taga.

Inna ta canza mini. Da can in na gaishe ta takan amsa tana kallon gefe, yanzu sai ta tashi ta shige ɗaki kafin in ƙarasa durƙusawa. Wata rana na ɗago kai na gan ta a tsaye a lungu tana kallon katakon, ta rufe baki da gefen mayafi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ina nan ina fasa yatsu saboda mijinta, ko sannu babu. Matata ta taɓa tambayata me nake haɗawa, na ce na Baba ne, ta bari sai na gama. Ta dube ni wani iri, ta ce Allah ya sa mu dace, ta koma bakin murhu.

Ana cikin haka, wata la'asar sakaliya, aka ce ga babura nan sun nufo gari ta yamma. Wanda bai taɓa ganin gari ya tashi ba ba zai gane ba. Mata suna kiran yara, ana jan awaki, masu shaguna suna buga ƙyamare. Na jefar da guduma na faɗa ɗakin Baba, na juya masa baya na ce Inna ta ɗora mini shi. Muka yi ta kokawa, hannun hagun yana zamewa, ƙafar tana jan ƙasa, ko ƙofar ɗaki ban kai da shi ba gwiwata ta sare. Na mayar da shi gado ina haki. Can aka ce ba su ba ne, 'yan rakiyar amarya ne daga wani ƙauye. Gari ya koma dariya da zage-zage, ɗakinmu kuwa ba wanda ya motsa. Baba ya juya ya fuskanci bango ya yi magana.

"In sunka zo da gaske, kowa shi kama gabanai. Kar wanda ya tsaya kaina."

Da maganar nan na kwana. Da gari ya waye na koma wajen masu katako na sayo dogayen sanduna biyu masu kauri, na buga su a gefe da gefen bencin, na bar kawunansu sun zarce gaba da baya yadda hannu zai kama. Na kankare su da fasasshiyar kwalba har suka yi santsi. Na ce yanzu ko mutum biyu sun ɗauke shi, in rana ta juya a bi inuwa da shi, in kuma gudu ya kama a gudu da shi. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabarar da mai injina bai yi ba.

Na gama da hantsi. Na ja shi zuwa tsakar gida, na juya shi ya tsaya a kan ƙafafunsa, karo na farko tun da na fara. Na ɗauko sabuwar tabarma na shimfiɗa a kai. Ina tsugune ina duba wata ƙafa da ba ta taɓa ƙasa sosai ba, sai na ji kwano ya faɗi a bayana. Inna ce ta fito daga ɗakin Baba. Ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka ta saki salati, irin wanda ake ji har maƙwabta. Matata ta fito da gudu, ta kalli abin da ke gabana, ita ma ta fashe da kuka.

Daidai lokacin aka yi sallama a zaure. Taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, tsoho mai bakin tsiya da ke zaune a Unguwar Lalle. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba, kuma ashe Baba ne ya aika masa ya zo su yi bankwana. Ya shigo da sandarsa, bakinsa a buɗe da tsokanar da ya tanada tun daga hanya. Ya ga matan, ya ga abin da ke tsakar gida, sai ya tsaya cak. Ya zare hularsa a hankali.

"Inna lillahi. Yaushe yac cika?"

Na miƙe na ja da baya don in ga abin da suke gani. Dogon abu daidai tsawon mutum, gajerun ƙafafu, dogari a gefe da gefe, mariƙai huɗu sun zarce, ga sabuwar tabarma a kai. Makara ce. Ba ta rage komai ba daga wadda ke jingine a bayan masallaci, sai ma ta fi ta sabunta. Nan take karan ya faɗo mini, da barandar asibiti, da rigar Juma'a, da furar da ke tsami. Na buɗe baki na ce benci ne, amma muryar da ta fito ko ni ban yarda da ita ba.

Tsohon ya wuce ni ya shiga ɗakin. Na ji ya yi wata ƙara, sannan shiru, sannan ya leƙo ya ce in zo. Kafin nan ƙofar gida ta fara cika, salatin Inna ya kirawo mutane, ina jin takunsu da ƙus-ƙus ɗinsu a zaure. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Baba yana kwance yadda na auna shi. Bai juya ga bango ba. Ya dube ni kai tsaye, abin da ban saba ba, ya yi mini magana ni da kaina.

"Na gane ka da kara. Ba kwana nika yi ba."

Na matso bakin gadon a durƙushe.

"Ban ga laihinka ba," in ji shi. "Tamu ta gari mun baro ta can. Gara ɗana shi yi min tawa da a tai aro. Abu guda nika so ka gaya min. Mi likita yac ce? Kwana nawa?"

Na gaya masa duk abin da aka faɗa a baranda, ina tuntuɓe da kalmomi. Na ce likita cewa ya yi a fitar da shi ya ga mutane. Na ce benci ne na zama a ƙofar gida, na ce ba ni da tef ne shi ya sa na ɗauki kara. Yana saurare, fuskarsa ba ta motsa ba. Na ga bai yarda ba. Gani yake irin ƙaryar da ake yi wa mara lafiya ce, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma da aka gaya mini haka ba zan yarda ba.

"Benci," ya ce. "To mi an na mariƙai?"

Na ce zan yanke su yanzun nan, na yunƙura zan ɗauko zarto.

"Zamna. Ba cewa niy yi ka yanke ba. Tambaya nika yi, mi an na mariƙai ga benci?"

Na sunkuyar da kai. Abin da ban taɓa tunanin zan iya faɗa wa Baba ba ne, amma ba sauran wanda zai faɗa a madadina.

"Ranar da anka ce ga babura, na kasa ɗaukar ka. Kac ce in sunka zo a bar ka. Ni ba ni barin ka, Baba. Ko ina za mu, da kai za ni."

Ina jin kukan Inna a waje yana raguwa. Baba ya mayar da idonsa ga rufin kwano. Taubashin ya share ido da hularsa, ya mayar da ita ka, ya gyara murya.

"Kai dai ka ji kunya, tsoho. Ka sa na biya kuɗin kabu-kabu tun daga Unguwar Lalle, ashe ko mutuwar ba ka iya ba. Ka ba da riga, ka ba da kalme, ni mi kab bar min?"

"Kai za ni bar ma bashin goro," in ji Baba. Ya ɗan numfasa. "Su wa ag ga zaure?"

Aka ce mutanen garinmu ne da maƙwabta, sun zo jana'iza.

"To kar su koma hannu banza. A shigo da abin ga, su zo su ɗauke ni."

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Ban taɓa gwada bencin da nauyin mutum ba, ko ni ban zauna a kai ba. Mutanen da ke zaure su ne dai waɗanda ya faɗi a gabansu. In ƙusa ɗaya ta zare, in sanda ta tsage a inda na yi ta narka mata ƙarfe, to na san ba zai ƙara ganin ƙofar gida da ransa ba. Na so in ce a bari sai gobe, amma wa zai ce da Baba a bari a wannan lokacin?

Mata suka shige ɗaki, aka kira mutum uku suka shigo suna zare ido. Muka kai bencin bakin gado, muka zamo da shi a kai, ba ciccibawa. Ya ce a zaunar da shi, ba zai fita a kwance ba. Aka sa masa matashi, taubashin ya tsaya a gefen hagu ya tallafe masa kafaɗa, aka ɗora masa hula. Na kama mariƙin gaba na dama. Da muka ɗaga, katakon ya yi wata ƙara mai tsawo, na ji ta har cikin haƙorana. Na tsaya ina jira. Bai sake ba.

Muka taka a hankali muka ratsa tsakar gida. A ƙofar zaure gefen bencin ya goge bango, ƙasa ta zubo, sai da muka karkata shi kaɗan, ina jin nauyin Baba yana komawa ɓarin da ba ya tarewa, ina jin tsohon yana nishi yana tura shi. Wanda ke riƙe a bayana, don sabo, ya fara kalmar shahada a hankali yadda ake yi in an ɗauki gawa. Baba ya ce masa ya adana ta, ba a kai nan ba tukuna. Da muka fito haske, mutanen da ke tsugune a gindin dogonyaro suka miƙe gaba ɗaya, wasu har sun fara jera sahu. Suka ga makara ta fito da mai ita a zaune yana gyara hula. Wani ya ja da baya har ya taka buta.

"Sannunku da zuwa," in ji Baba. "Na ga waɗanda sunka zo, na kuma ga waɗanda ba su zo ba."

Wannan karon aka yi dariya, irin wadda ke fita da hawaye. Muka sauke shi a gindin bishiya, na saki mariƙin da ƙyar, yatsuna sun ƙage. Ya ce a kawo masa fura. Inna da kanta ta miƙo ta daga zaure. Ya karɓi ludayi da hannun dama ya sha a gaban kowa, tana zuba ta gefen bakin da ya karkace tana ɓata masa riga, bai ɓoye ba, bai daina ba sai da ya ga gindin kwanon. Ni ina tsugune a gefe ina kallon ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya.

Da ya ajiye ludayin ya ɗan motsa, sai bencin ya yi ɗingishi. Ya sake motsawa, ya sake yi. Bai dube ni ba. Ya juya ga taubashinsa, yadda ya saba yi da bango.

"Gaya ma kahintan ga, ƙahwa guda ta gaza. Ina karan da yag gwada ni da shi? Shi kawo shi."

Na shiga bayan ɗakuna na same shi a cikin ɓaraguzan katako. Na kawo na miƙa da hannu biyu. Ya taka shi da ƙafar lafiya, ya ja da hannun dama ya karya, ya sake karyawa, ya haɗa guntayen ya ba ni ba tare da ya kalle ni ba. Na durƙusa na cusa su a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya girgiza jikinsa ya gwada, bencin ya tsaya. Sai ya juya ga mutane ya tambayi wa ya samu ya leƙa gonakinmu bana.